Ƙulli Goma Sha Ɗaya a Kwari na Bakwai

Ku da kuke zana gidaje da hanyoyi a na'ura yanzu, na ga yadda kuke yi. Ku kewaye ɗigo ashirin, ku danna maɓalli uku, duk su jeru kamar sahun salla, sai ku jingina da kujera ku ce aikin nan ai ba wuya. Ban musa ba, dannawar ba wuya. Ni ma na danna, a Gure, cikin shekarun casa'in, tun ba a haifi yawancinku ba. Sai dai dannawar da na yi ta kawo wata tsohuwa har cikin biro, wato ofishinmu, ta zauna a ƙasa, ta ce ba za ta tashi ba sai an nuna mata wanda ya ba tudu rijiyarta.

Sunana Iliyasu, amma a Gure Ila aka sani. Mahaifina ɗan Damagaram ne, yana da shagon yadi a kasuwa, burinsa kuma in zauna bayan kanta ina auna atamfa har in tsufa. Awon na gada, yadin ne na ƙi. Da na bar koleji sai na shiga wani porje na tsare tudu. Wanda bai san ƙasarmu ba zai ce tudu ai a tsaye yake. Namu tafiya suke yi. Rairayi ne, iskar gabas tana tura shi kaɗan-kaɗan, a gindinsa kuma akwai kwaruruka inda ruwa yake kusa, inda mutane suke da garake na dabino da rogo da rake da albasa. Aikin porje shi ne a kafa shinge na kalimbo, wannan ɗan itace mai tsinkaye da ke fitowa a rairayi, a tare gaban tudu, sannan a dasa itatuwa a bayan shingen. Kafin a kafa sai an auna. Kafin a auna sai an sami wanda zai tsaya cikin rana riƙe da sanda. Ni aka samu.

Aikina na farko riƙon mir ne, wato doguwar sanda mai lambobi ja da baƙi, a ƙarƙashin Baba Laminu. Bamange ne daga Kelle, ya daɗe yana awon hanya kafin ya zo porje. Kayansa ba su da yawa: nibo mai ƙafa uku da yake leƙa sandar ta cikinsa, da igiyar awo, da buhun pike da ake kafawa a yi alama, da karne, ɗan littafin rubuta awo mai baƙin bango da yake ɗaurewa da roba. Ba ya faɗa. In ka karkatar da sanda, ba zai ce maka komai ba. Sai ya ɗaga ido daga nibo, ya buɗe lema, ya zauna ya fara hura gawayin shayi. Kai kana can saman tudu, rairayi yana gasa maka ƙafa ta cikin takalmi, har sai ka gane da kanka ka miƙar da ita. Ran farko sai da ya sha kofi na ɗaya da na biyu kafin in gane. Shekara uku na yi a haka, sannan ya zaunar da ni a teburin zane, ya koya mini kalk, takardar nan da ake gani ta cikinta, da alƙalamin tawada, da rezar kankare kuskure. In ka kankare wuri ɗaya sau uku takarda ta huje, ka sake daga farko.

Ordinater, wato kwamfuta, ta iso cikin kwali uku a bayan kamyo, babbar motar kaya, tare da sabon shef, shugaban porje, wani injiniya daga Yamai mai suna Mushe Zakari. Aka ware mata ɗaki, aka sa mata kilima mai sanyaya ɗaki, aka sayo mata gurup, injin wuta nata na kanta, don kada wuta ta yanke mata. Mu da muka shekara muna gumi a biron ba wanda ya taɓa tambayarmu ko muna jin zafi. Da yake ni ne mai ɗan sauran Faransanci a baki, ni aka ce in koya. Ran farko Mushe Zakari ya ce in kama suri. Na duƙa ƙarƙashin tebur ina neman gidan gara. Ashe ɗan abin nan ne mai wutsiya da kuke turawa da hannu. Namu yana da ƙwallo a ciki, ƙwallon kuma yana son rairayin Gure, don haka kowace safiya sai na buɗe cikinsa na goge da hannun riga.

Aikin da na'urar take yi mana shi ne gina tudu a allo. Zan buɗe karnen Baba Laminu in riƙa shigar da lambobi. Kowane wurin da aka kafa sanda yana da lamba uku: nisansa gabas, nisansa arewa, da tsayinsa sama. In na gama, sai ta haɗa ɗigon da zare-zare, abin ya fito kamar ragar masu kamun kifi an shimfiɗa ta a kan tudu. Mu muna kiran kowane ɗigo ƙulli. Kana iya juya ragar ka kalle ta daga sama ko daga gefe, amma in ka ce ta juya, kana da lokacin zuwa fitsari ka dawo.

Miƙar da ƙulli su hau layi ɗaya, tamu ba ta da maɓallinsa. In layin daga kudu zuwa arewa ya tafi, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ba su lambar gabas iri ɗaya. In a karkace yake, sai ka juya ragar duka har layin ya fuskanci arewa, ka daidaita, sannan ka mayar da ita yadda take, kana addu'a kada ka manta yawan juyin da ka yi. Kuskurena na farko, lambar sama na daidaita a maimakon ta gabas. Wani ƙaton tudu da ke bayan gari ya kwanta a allo shafal kamar tabarma. Na leƙa ofishin shef na ce, “Mushe, a sallami ma'aikata, na gama da tudun.” Ya zo ya duba, bai yi dariya ba. Kuskure na biyu, na daidaita gabas na kuma daidaita arewa, ƙulli arba'in suka shige cikin juna suka zama ɗaya. Waɗannan duk a allo suka tsaya. Na uku ne ya fita waje.

Wani kwari ne tsakanin Gure da Kelle. Mutanen wurin suna da sunan da suke kiransa, mu a biro Kwari na Bakwai muke cewa. Baba Laminu ne ya auna shi, ban je ba, don lokacin na zama mutumin ɗakin sanyi. Layin shinge na farko ya bi gindin tudu ta gabashin garake, ƙulli arba'in da uku. Talatin da biyu suna tafiya sak. Goma sha ɗaya na tsakiya kuwa sun kumbura wajen tudu, sun yi ciki, sannan suka dawo kan hanya.

Mushe Zakari ya tsaya bayana yana kallon allo. Mutum ne da ko alƙaluman teburinsa a jere suke, kuma an aiko cewa baƙi masu ba porje taimako za su zo ganin wannan kwarin.

Ya ce, “Mene ne wannan ƙullutun?”

Na ce, “Haka yake a karne, Mushe.”

“Hannun tsohon nan ya fara rawa. Miƙe mini shi.”

Baba Laminu yana zaune a lokacin a gindin bedin da ke tsakar biro. Taku ashirin ne tsakaninmu. Amma tun zuwan na'ura bai taɓa shiga ɗakin ba, ni kuma na fara cewa “kayan da” in ana maganar nibo, maganar kuma ta kai kunnensa. Ban tashi ba. Na kama goma sha ɗayan nan na ba su lambar ƴan'uwansu, suka shigo sahu. Na adana sabon a kan tsohon. Aka fitar da zanen a kalk, shef ya ɗora rula ya ga ba gargada, ya sa hannu, aka aika kwafi Yamai. Malam Bukar, shugaban masu aikin shinge, ya ɗauki nasa ya tafi ya kafa pike yadda takarda ta ce.

Ranar kasuwar da ta biyo baya, wata tsohuwa ta sauka daga jaki a ƙofar biro, ta miƙa wa mai gadi igiya kamar dama don haka aka ajiye shi, ta wuce ciki. Sunanta Ya Falmata. Doguwa ce, da tsagen Manga a fuska, da damin kaba a hammata. Ta dubi Mushe Zakari da ke tsaye da karabat a wuya.

Ta ce, “Ke ce shef?”

Mun san wasu tsofaffin Manga in suna Hausa ba sa raba namiji da mace, don haka kowa ya haɗiye dariyarsa. Shef ya ce shi ne.

Ta ce, “Kin kafa ƙarafa a garkata. Ni a nan, rijiyata a can. Dabino tara a can. Mijina ya haƙa rijiyar, shi ya dasa dabinon, biyu bana suka fara haihuwa. Na tambayi Bukar, ta ce takarda ce. Na zo ganin takarda.”

A nan na gane abin da cikin nan ya kewaye. Kuma abin ya fi a bar rijiya a waje muni. Shinge ba ya hana rairayi zuwa, tara shi yake yi a gabansa. Layin da na miƙe zai sa tudu ya sauke kayansa daidai bakin rijiyar. Rani ɗaya ya isa.

Mushe Zakari ya gyara murya ya ce, “Iya, ba mutum ne ya ja layin ba. Na'ura ce ta lissafa.”

“To a kai ni wurinta.”

Aka kawo ta ɗakina. Ta tsaya gaban allo ta gaishe shi da Barbarci, ta tambaye shi gajiya da gida, ta jira. Da ta ga shiru sai ta juyo.

“Ta taɓa zuwa kwarinmu?”

Shef ya ce a'a.

“To wa ke ba ta labari?”

Ba wanda ya nuna ni da hannu, amma duk idanu suka zo kaina. Ta matso ta dube ni da kyau.

“Ke ba ɗan Alhaji mai yadi ba ce? Ubanki in ya auna zane yana ƙara taki ɗaya saboda kalmasa. Ke sai ragewa.”

Shef ya yi mata bayani mai tsawo. An riga an aika takarda Yamai, baƙi suna tafe, an sare kalimbo daidai awo, layi kuma dole ya zama miƙaƙƙe. Ta saurara har ya gama. Sannan ta kwance daminta, ta zauna a ƙasa daidai inda iskar kilima take sauka, ta fara saƙar faifai. Ta ce ita ba ta da gaggawa, kuma ɗakin ya fi garka daɗi. Da la'asar ta tafi gidan ƴarta a cikin gari. Washegari ta riga ni zuwa. Rana ta uku ta zo da wata ƙawarta.

Ni kuwa ko na so mayar da cikin, ba ni da shi, na shafe. Lambobin suna karne, karne yana aljihun Baba Laminu. Na je gindin bedi na durƙusa na gaishe shi kamar yadda nake yi a da. Ya amsa, ya ci gaba da shayinsa. Sai da ya wanke kofuna ya cire robar karnen, ya buɗe shafin, ya juyo mini da shi. A gefen lambobin nan goma sha ɗaya ya zana ɗan da'ira da ƴan sanduna tara, ya rubuta rijiya da dabino. Shafin da na kwafa da hannuna ne. Lambobi na karanta, ban kalli gefe ba.

Ya ce, “Na'urarka ba ta da gidan wannan?”

Na ce, “Gida uku gare ta, Baba. Gabas, arewa, sama.”

“Tsoho mai rawar hannu yana da na huɗu.”

Na roƙe shi ya ara mini karnen. Ya mayar da robarsa ya sa a aljihu, ya ce ran Lahadi in same shi a tasha da mir a kafaɗa.

Motar ƴan kasuwa muka shiga, ta sauke mu a hanya, muka ƙarasa a ƙasa, ni da sanda da ƙafafun nibo da buhun pike, shi da lema. Na tsaya a bakin rijiyar na ga pikena suna wucewa ta tsakiyar fangalin albasa. A allo tsawon farce ne. A ƙasa kuwa taku ne mai yawa, da inuwa, da kwarkwaron guga, da ruwan da na sha har sau biyu.

Na ce, “Ko na mayar da cikin, shef ba zai sa hannu ba.”

Baba Laminu ya ce, “Me ya ce maka, daidai yadda ya faɗa?”

“Ya ce in miƙe layi.”

“Ya ce a ina zai miƙe?”

Na ce bai faɗa ba.

Ya ce, “Ka ja goma sha ɗaya sun bi talatin da biyu don ka ga sun fi yawa. Wa ya hana talatin da biyun su bi ɗaya?”

Ya taka zuwa ƙullin da ya fi kowanne shiga tudu, na ashirin da biyu, wanda yake bayan rijiya da dabino duka, ya buga dunduniya a wurin. Daga nan zuwa layina metir goma sha huɗu ne. Wannan shi ne abin da ba ku tambaya in kun danna maɓallanku uku. Su jeru, to, amma su jeru a kan wa? Na'ura in ka bar ta tsakiya take ɗauka, ko ta bi wanda ka taɓa a ƙarshe, kuma ba ta san wanne ne ke tsaye bayan rijiya ba.

Aikin bai tsaya a canza lamba ɗaya ba. In ka tura ƙulli gabas ya hau tudu, tsayinsa ya canza, kuma tsayi ba a ƙirƙirarsa a ɗaki. Ranar nan muka sake auna layin daga kai har gindi. Sau arba'in da uku na kafa sanda. Sau ɗaya kawai ya buɗe lema, na kuwa miƙar da ita tun kafin ya taɓa gawayi.

Ran Litinin na shigar da sababbin lambobi. Sannan na yi abin da ba a koyarwa: na matsar da firam ɗin da ya kewaye zanen shi ma metir goma sha huɗu, yadda layin zai zauna a takarda daidai inda tsohon ya zauna. Ban rubuta ƙarya ko ɗaya ba. Duk lambobin gaskiya suna nan, sai dai na zaɓa musu ƙananan haruffa. Na kai wa shef na ce an ɗan gyara lambobin gefe, ana son sa hannunsa. Ya duba, ya ɗora rula, ya ga layi sak, ya sa hannu.

Na dawo na tsuguna kusa da Ya Falmata na ce a hankali, “Iya, ki koma gida. Gobe pike za su tashi su koma bayan rijiya. Amma kada ki yi godiya a nan.”

Ta ɗaure daminta. Na raka ta wurin jaki. Da ta hau sai ta sunkuyo ta ce, da Hausa tsaf kamar a Birnin Damagaram aka haife ta, “Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka gaida mahaifinka, ka ce masa yadin da ya sayar mini bara ya koɗe.”

Na ce, “Iya, ashe kin iya ‘ka’?”

Ta ce, “Na iya. Shef ɗinku ne bai kai ba tukuna.”

Malam Bukar ya tuge pike ya sake kafawa, yana cewa takarda ce ta ce. Amma sabon layin ya hau inda rairayi yake da laushi, dole a nutsa kalimbo da zurfi a kuma yi shi da kauri. Saura kwana huɗu baƙi su zo kalimbo ya ƙare, ga wani dogon yanki a buɗe, daidai bayan rijiya. Mushe Zakari ya tara mu ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Ya ce akwai masu dafa tuwo da kayan porje. Malam Bukar ya rantse, direba ya rantse. Ni na sa ido a allo ina juya raga, ban taɓa jin daɗin jinkirinta kamar ranar ba.

Ya Falmata ce ta rufe gurbin. Ta tara matan kwarin suka sari kabar goruba, suka kafa ta, suka saƙa ta tsakanin turaku yadda suke saƙa zana. Da baƙin suka zo, ba su tsaya a kalimbonmu ba. Wurin kabar suka yi ta ɗaukar hoto. Wata Baturiya mai hular ciyawa ta tambaya dabarar wa ce a sa mata su yi da kayan gida. Mushe Zakari ya ce ai tsarin porje ne tun farko. Ya Falmata ta kawo musu dabino a sabon faifai, ta tsaya gaban shef ta ce, “Shef, kin yi ƙoƙari.” Aka fassara wa baƙi, suka tafa.

Bayan tafiyarsu shef ya kira ni ya ce akwai aikin da ba zai iya ba kowa ba sai ni. Tuddan wajen Gamu ake so a auna, wata guda, kuma mota ba ta shiga wurin, sai raƙumi. Tsakiyar bazara ce. Na fita kasuwa ina gaya wa mutane an ɗaga ni. Raƙumin da aka ba ni wani ja ne mai yagaggen leɓe. Ya cije ni a kafaɗa, ya cije ni a cinya, ya cinye mini hula, sau biyu kuma ya kwanta a tsakar rana ya ƙi tashi sai da inuwa ta juya. Na dawo baƙi ƙirin, da karne biyu cike da lambobi, gefen kowane shafi kuma cike da zanen rijiyoyi da itatuwa da burtalin shanu.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummuna. Sojoji suka karɓi mulki, masu taimako suka janye hannu. Porje bai mutu rana ɗaya ba. Man gurup ya fara yankewa, na'ura ta koma aiki awa biyu a yini, daga baya aka lulluɓe ta da zane. Baba Laminu ya koma Kelle da nibonsa. Lambobin Gamu ban taɓa shigar da su ba. Abin da ya riƙe ni shi ne teburin zane da reza, kayan da nake kira na da. Alhazan kasuwa suka riƙa kawo mini aikin shaguna. Wani ya ce in zana masa shago amma in ɗan tura gabansa taki biyu cikin hanya, tunda an ce na iya tura layi. Na ce masa na iya, amma hanya tana da tsofaffinta, kuma ba ni da kilimar da zan zaunar da su. Wani ya kawo filin da ya ce murabba'i ne, na je na tarar kusurwa biyar gare shi da akurkin maƙwabci a ta shida. Da irin wannan aka ci tuwo har shekara ta juya.

Ranar da aka zo kwashe kaya, ana mayar da ordinater cikin kwalayenta, Mushe Zakari ya kira ni ofishinsa. Teburin ba komai sai kalk biyu a naɗe. Ya warware su, na ga zanen Kwari na Bakwai ne, na farko da na biyu. Ya haɗa su ya manna a gilashin taga, ya daidaita alamar dutsen da aka fara awo daga kansa, ta wannan a kan ta wancan. Rana ta ratso. Layi biyu suka fito, kowanne sak, da fili a tsakaninsu.

Ya ce, “Metir goma sha huɗu.”

Na ce, “Tun yaushe, Mushe?”

“Tun ranar da ka kawo mini. Ƙananan haruffa ma haruffa ne, Ila. Na yi lekol, na iya karatu.”

“To me ya sa ka sa hannu?”

“In na ce na gani, sai in rubuta wa Yamai cewa takardar farko kuskure ce, da sa hannuna a ƙasa. In ban gani ba, layi ya miƙe, rijiya ta tsira, tsohuwa ta bar mini biro. Kai da wanne za ka ɗauka?”

“Faɗan kalimbo fa? Malam Bukar har ya rantse.”

“Shef da kaya suka ƙare bai yi faɗa ba, ai kowa ya gane ya san dalili. Bukar na ba shi haƙuri tun a ranar.”

Ya naɗe takardun ya miƙo mini, ya ce in ajiye. Na yi godiya, na juya zan fita. Har na kama ƙofa ya ce, “Af, ban taɓa tambayarka ba. Yaya ka baro raƙumin Gamu?”

Na ce lafiya lau, sai dai halinsa.

Ya ɗauki jakarsa ya gyara karabat.

“Da kaina na je na zaɓa maka shi,” in ji shi. “Raƙuma shida aka nuna mini. Sai da na tambaya wanne ya fi cizo.”